Yadda Za Ka Kayar Da Babanka A Gardamar Falwaya Da Ɗan Gayu

Kai da ka gaji, matso kusa. Tun kana rarrafe magana ɗaya kake ji a gidanku: wai ƙungiyarku ta ƙwallon kwando ba ta taɓa tara gwanaye irin na zamanin Baba ba, kuma ba za ta ƙara ba har duniya ta naɗe. Ga 'yan wasan yanzu sun ɗauko kofi kowa na gani, amma tsoho ya taɓe baki ya ce yara ne aka bar wa fili. To, na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, sai ka rufe masa baki ruf. Ban taɓa koya wa wani ya dawo ya ce bai yi aiki ba.

Amma ka san abin da za mu ƙwace. Tun da Baba ya ajiye aiki ba mai tambayarsa komai. Mama ke juya gidan, maganin hawan jininsa ma ƙanwarka ke tuna masa. Abu ɗaya ya rage da in ya buɗe baki ake yin shiru: shi ya ga wancan zamanin, a cikin filin, da idonsa. Shi za mu karɓe. In ka san zuciyarka mai taushi ce, tashi ka ba masu himma wuri.

Mataki na 1: Ka san waɗanda kake faɗa da su

Mutum uku ne, Baba ya haddace su kamar karatu. Akwai Allura, wanda ke zura ƙwallo ta tsakanin ƙafafun mutane. Akwai Katanga, wanda aikinsa kawai ya tsaya a yi karo da shi. Sai uban tafiyar, Falwaya, dogon da ba ya tsalle don ba ya bukata.

Lura da yadda Baba ke auna tsawon Falwaya. A jikin ƙofar falo yake yi, da tafin hannu. Kana firamare hannun a saman ƙofa yake tsayawa. Ka shiga sakandare ya kai agogon bango. Yanzu sai ya yi ɗage yana neman silin. Mutumin da ya bar wasa kafin a haife ka, har yau tsawo yake ƙarawa a falonku. Kada ka ce uffan tukuna, bar shi ya yi ta girma.

Mataki na 2: Ladabi, kamar gaske

Ba a yi wa uba musu, tambaya ake yi masa. Ka rusuna, ka tsiyaya masa shayi, ka ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ba musu nake ba. In aka haɗa su Falwaya da su Ɗan Gayu yau, ya za ta kasance?"

Ɗan Gayu shi ne tauraronku na yanzu, mai kitso da ɗankunne, kuma jin sunansa kaɗai kan sa Baba ya ajiye kofin shayi. Zai ce, "Wannan mai gyaran gashin? Katanga ya yi masa tari ɗaya sai asibiti." Ka gyaɗa kai. Masana sun ce gyaɗa kai ba yarda ba ce, motsa wuya ne.

Mataki na 3: Kada ka kuskura ka kawo lissafi

Nan sababbin shiga ke hallaka. Ka taho da zumuɗi kana cewa 'yan yanzu sun fi cin maki, sun fi jifa daga nesa, har na kan bencinsu gwanaye ne. Kai, wa ya aike ka? Tsoho ya daɗe da tanadar amsa.

"Maki? A zamaninmu sai ka bar haƙori a ƙasa kafin ka ci biyu. Yanzu ka hura wa yaro iska, alƙali ya busa usur."

Ka ce masa sun fi gudu, ya ce tsoro ne. Ka ce sun fi tsalle, ya ce takalmi ne. Na san wani ɗalibina da ya zo da alƙaluma cike da waya, aka tashi yana ba da haƙuri, aka kuma aike shi sayen batirin rimot.

Mataki na 4: Bar shi ya miƙe tsaye

Gardama ba ta nuna ba sai Baba ya tashi. Zai naɗe hannun riga, ya ɗauki filon kujera, ya sa a jawo kwandon wanki zuwa bakin ƙofa. Shi ne Allura, teburin tsakiya shi ne abokan karawa. Mama za ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ƙugun nan naka fa!" Zai ce mata, "Ke dai ki kalla." Zai juya, ya wurga, filo ya wuce kwando ya doki filas.

Kada ka yi dariya. A nan ne yake cikin farin ciki, kuma mai farin ciki ba ya auna magana. Ka sassauta murya ka ce, "Baba, wato a wasan ƙarshen nan da kuka je, Falwaya bai zubar da ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya! Ina wurin. Ni na gani."

Madalla. Ya shigo tarko da ƙafarsa.

Mataki na 5: Ka tara shaidu

Nasarar da ba a gani ba ɓata lokaci ce. Ka zaɓi ranar wasa, ranar da amininsa tsohon direba ke zuwa kallo. Wannan bawan Allah bai san kan kwando ba, abin da ya iya shi ne "Ƙwarai kuwa" duk sanda Baba ya numfasa. Ka kira ƙanwarka ma, ta zauna a hannun kujera.

Mataki na 6: Bidiyon

Ga makamin. Wani marar aikin yi ya ɗora tsohon wasan nan a intanet, da ma irinsu ba sa ƙarewa. Ka nemo, ka haɗa wayarka da talabijin, ka ce, "Baba, na samo maka su Falwaya."

Zai gyara tabarau, ya matso bakin kujera, ya dafa gwiwar direba. "Yau za ka gani," in ji shi. Fuskarsa za ta yi wani haske da ka daɗe ba ka gani ba. Ka kau da kai, kada ta ɓata maka shiri.

Daga nan ka danna bidiyon, hoton zai yi aikin. Ga su nan cikin gajerun wanduna, suna tafiya a hankali kamar masu neman makulli a ƙasa. Ga Allura ya miƙa wa abokin gaba ƙwallo a hannu. Ga Katanga an zagaye shi yana waige. Ga Falwaya, dogo ne ba laifi, amma zai shige ƙofar falonku ba tare da ya sunkuya ba. Ya jefa, ta doki ƙarfe. Ya sake, ta wuce. Direba zai buɗe baki ya rasa inda zai ajiye "Ƙwarai kuwa" ɗinsa.

Baba zai kalla har ƙarshe, ba zai ce a kashe ba. Sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "Ashe haka suke a hankali." Ya mayar da tabarau ya ƙara, "Ni dai da gudu na gan su."

Taya kanka murna. Ka ci.

Mataki na 7: Ka more

Yanzu falo naka ne. Ranar wasa Ɗan Gayu zai zubar da ƙwallon da ko makaho zai ci, ka juya kana jiran tsakin Baba, ka ji shiru. Ka tsokane shi, ka ce, "Baba, ya ka ga wannan?" Ya ce, "Ku ne kuka sani." Rabin lokaci bai yi ba zai ce bari ya ɗan kishingiɗa. Direba zai rage zuwa. Mama za ta riƙa ajiye maka abinci ba tare da ta dube ka ba.

A nan ne wasu ɗalibaina ke dawo mini da ido jajur, wai in koya musu yadda ake warwarewa. Wani har ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, na sake tunani, su Falwaya sun fi." Tsohon ya dube shi ya ce, "Tashi. Ban kai a ba ni sadaka ba." Haushi irin waɗannan ɗaliban ke ba ni. Mutum ya zo neman nasara, an ba shi, ya koma yana kuka.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba likita ba ne, ba mai sasanci ba ne, kuma bai san babanka ba. Alkawarin rufe baki na yi, na kuma cika. Ban taɓa cewa zai sake buɗewa ba. Saboda haka duk ranar da ka shigo da gudu da wani labarin wasa a bakinka, ka tsaya a tsakiyar falo ka rasa wanda zai ce maka ƙarya kake, kada ka nemo ni. Ba ruwana, kai ka danna.