Jirgin da ya ƙi kumbura

Ni fa 'yar Yawuri ce, a cikin jirgin ruwan Babanmu na yi rarrafe. To ran nan a garin Fort Washington, can ƙasar Turawa, muna tattaki da ɗana Sani likita, sai ga ɗan jirgi na sayarwa a ƙofar gidan wani Bature. Sak na Baba! Zuciyata ta tafi gida.

Sani ya leƙa ya ce, "Hajiya, a tsage yake fa."

Na ce, "Likita, tsaya a allurarka. In katako ya sha ruwa kumbura yake yi, tsagar ta rufe."

Muka saya, muka sa shi a kwantena, na aika wa ƙanena Audu a Yawuri, wanda nasa ya ruɓe, na ce ya jiƙa shi kwana bakwai.

Audu ya jiƙa. Ya tara mutanen bakin ruwa, ya shiga da sabuwar riga, ya fito da iyo. Ashe jirgin roba ne, fentin katako aka yi masa.

Yanzu awaki ke cin dusa a ciki. Duk sallah in na buga waya, ko gaisawa ba mu gama ba sai Audu ya ce, "Yaya, bai kumbura ba tukuna. Mu ƙara masa kwana nawa?"