Yadda Za Ka Koyi Aikin Otal Ba Tare Da Surukinka Ya Ji Ba

Kai ɗan manomi da ka samu gurbin koyon aikin otal na wata uku a birni, ga ka kuma kana neman aure a ƙauye, matso kusa. Ka san dattawanmu, da sun ji "otal" sai su hango giya da kiɗa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci har a shafa fatiha ba wanda zai sani. Su ne Basiru na wajen Dawakin Tofa ya bi, lokacin da yake neman Ramlat 'yar Malam Abdulkabir, dattijon da ko rediyo ba a kunnawa a zaurensa.

1. Sauya wa aikin suna

Kada kalmar nan ta fito daga bakinka. Ka ce "ilimin karɓar baƙi" kake karantawa. Da Basiru ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Hure, sai ta riƙe haɓa: "Ikon Allah! Yanzu shi ma baƙo sai an yi masa boko?" Ka ce e, da ƙarfi. Ƙarya mai dogon suna ba a cika bincikarta ba.

2. Ɓoye kayan aiki

Farar rigar nan da ɗan baƙin ƙyallen wuya mai kama da malam-buɗe-littafi, tuɓe su tun a Ungogo, kafin ka isa ƙauye.

3. Kame hannunka a gida

Nan wahalar take, don hannu ba ya jin kwaɓa. Basiru ya ɗame wa Inna zanin gado har ta rasa ta inda za ta shiga, ta koma tabarma tana ta salati.

4. Ranar gaida suruki, tsuguna ka yi shiru

Basiru ya tsuguna kam. Amma da aka shigo da tuwo zaure, sai ya zabura. Ya tsaya ƙyam a kan dattijo, hannu ɗaya a baya, ya zagaya ta hagunsa ya ajiye tuwo, ya tsiyaya masa ruwa shi ma ta hagun, har da "A ci lafiya, yallaɓai." Mutanen zaure suka bi shi da kallo. Basiru ya san aure ya tafi.

Malam ya ce kowa ya ba su wuri. Ya yafito shi, ya sassauta murya:

"Abinci ta hagu, ruwa ta dama. Wane sakaran ne yake koya muku? Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar tire a Kaduna, garin nan duk sun ɗauka ofis nake. Ka kuskura ka faɗa, ba kai ba Ramlat."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Idan naka surukin bai taɓa ɗaukar tire ba, ni ban san ka ba, kuma ban taɓa zuwa Dawakin Tofa ba.