Ranar da na saje da kujerun Hajiya

A lokacin kaina ya fi shagona na Karu girma. Na daina amsa sunan tela, sai dizaina mai mayar da tsohon ƙyalle rigar alfarma. A kasuwar Masaka na samo wani labule na gwanjo, ruwan zuma da zanen ganye. Na ɗinka doguwar riga mai kama ƙirji, na tsaya gaban madubi na yi wa kaina tafi.

Da ita na tafi bikin 'yar Hajiya, babbar kwastomata, a Maitama. Maigadi ya kalle ni ya sunkuyar da kai, na ce kwarjini ne. Duk wadda ta tambayi yadin, sai in ce, "Ba ya shigowa ƙasar nan."

A falo na zauna kan kujera, sai na ɓace. Ni da kujerun duk yadi ɗaya, fuskata kawai ta rage.

Hajiya ta ce, "Ƙanwata, tashi ki juya." Na juya da yanga. Ta ɗaga gefen rigar, ta nuna wa mata wata 'yar ƙuna. "Wallahi kaskon turarena ne ya yi wannan. Bara na ba maigadi labulen nan."

Har amarya sai da kwalliyarta ta ɓaci don dariya.

Yau ko rana ce ta shigo ɗaki, maigidana ba ya tashi. Cewa yake, "Uwargida, ɗan tsaya a taga mana."