Baburin da Ya Zama Amya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa a Bagudo, ana gab da ba mu mulkin kai, da wani haske ya dallare mini ido daga wajen rumfar masu zuma. Na ɗauka madubi wani ɗan koli ya ɗaga. Da na matsa sai na ga tankin babur ne, baƙi wul, yana sheƙi kamar an lashe shi. A kan baburin Manu ne zaune, ɗan gwaggona, taubashina, ya karkace hula. Kusa da tankin kuwa, ta sunkuya tana kallonsa tana murmushi, Kulu ce.

Kulu ɗiyar Baba Arzika ce, mai amyoyi a dajin Lafagu, kuma ita ke tsare masa rumfa ranar kasuwa. Ni da Manu duk muna zuwa zance wurinta, kowa da ranarsa, ba ta kuwa ce ga wanda ta zaɓa ba. Ni a lokacin sabon malamin firamare ne, ina da keke, ina da farin takalmi, ina kuma da wani akwati cike da ƙananan littattafan soyayya da wani ɗan kasuwa ke kawowa daga kudu. A cikinsu na koyi cewa mace in ta yi murmushi to magana ta ƙare. (Babu littafin da ya gaya mini cewa mutum yakan yi murmushi don wani dalili nasa na daban.) Saboda haka da na ga wannan murmushi a kan tankin Manu, sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Manu ya hango ni, ya danna ham.

"Taubashi, kauce da jakin ƙarhenka, kada iskata ta kada shi."

"Iskar aro ba ta kada mai nasa," na ce da shi.

"Aro? Tahi Dahome ka tambaya. Faransawa na ta tattara komatsansu, wanda ad da zuciya shi ka saye."

Kulu ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Wannan dariya ta bi ni har gida, ta shiga tuwona, ta hana ni gyaran littattafan yara. Ko'ina na duba Manu nake gani ya goyo ta a baya, mayafinta na kaɗawa, ni kuwa ina gefen hanya ina hura tayar keke.

Ana cikin haka kwamitin bikin samun 'yancin kai ya fitar da sanarwa. Hedimastanmu ne shugaba. Ya ce duk mai babur ya kawo a rubuta shi, a duba, wanda ya fi kyau ba tabo ba tsatsa shi zai wuce gaban jerin 'yan makaranta riƙe da sabuwar tuta. Babura a garin ba su taka kara sun karya ba: akwai na Manu, akwai na malamin asibiti wanda sai an tura yake tashi. Ga shi kuma na ji da kunnena Kulu tana ce wa ƙawarta, "Duk wanda yar riƙe tutan nan, ai ranar shi za a kalla." Ni kuwa na rantse a raina ba Manu za a kalla ba.

Na sayar da keke, na haɗa da ragon da innata ke kiwata mini, na ƙetare kogin Kwara na nufi iyaka. A wani gari can cikin Dahome na sami kukun wani Bafaranshe da maigidansa ya tafi ya bar masa babur. Ƙato ne, irin na doguwar tafiya, da jakunkunan fata a gefe da fitila kamar ƙwarya. Kukun ya ce da shi Baturen ya ratso hamada. Na yarda, domin kana ganin baburin ka san ya sha wuya. Tsatsa ta ci salansa, sirdi ya yage, sannan a saman tanki, daidai inda ido ke fara sauka, akwai wata loɓawa da za ta ɗauki dunƙulen hannun ƙato. Wai raƙumi ne ya taka. Inji dai lafiyarsa lau, yana ruri kamar zaki, amma Hedimasta bai ce za a saurari murya ba, kyau ya ce. Duk da haka na biya kuɗi na karɓo shi.

A jirgin ruwan da muka ƙetaro da baburin ne dabara ta zo mini. Na ga mai jirgin yana cusa danƙo a wata tsaga, ya shafe da babban yatsa, wurin ya koma sumul. Na ce ashe haka abin yake da sauƙi. Na tura baburin cikin zauren gidanmu, na rufe da tabarma, na hana kowa leƙawa.

Tsatsa na bi ta da toka da lemun tsami har fatar yatsuna ta saɓule. Sirdi na kai wa baduku ya ɗinke da jar fata. Loɓawar nan ce ta rage, kuma na yanke shawarar kakin zuma zan cika ta da shi. A ina ake samun kaki? Ai ka sani.

"Saƙa kaka so, Malam, ba tatacciya ba?" in ji Kulu. "Mi za ka yi da ita haka da yawa?"

"Zan cike wani rami ne da ke kusa da zuciyata," na ce, ina kallon sama kamar yadda samarin littafi ke yi.

"Allah shi sawwaƙa," ta ce. "Ka dai je asibiti."

Ta sa hannu cikin masaki ta ɗebo saƙar zumar, ta matse kaɗan, ta naɗe mini a ganye. To, a nan ne wautar take. Kowane yaro a ƙasarmu ya san kaki sai an dafa shi an tace, zumar ta fita sarai, kafin a yi aiki da shi. Ni ma na sani. Har na ɗora tukunya a wuta. Amma da na buɗe ganyen na ga shatin yatsun Kulu a jikin saƙar, sai na ce ina, zumar da wannan hannu ya taɓa ba za a zubar da ita a bayan murhu ba. Gara ta zauna a jikin baburina, ta zama sirri tsakanina da shi. Na sauke tukunya. Na dunƙule saƙar nan yadda take, da zumarta da komai, na danna a ramin, na bi ta da bayan cokali mai ɗumi har ta yi daidai da tanki. Na ɗauko fentin allo na makaranta na shafe tankin gaba ɗaya, da ya bushe na bi shi da man takalmi. Wallahi a inuwar zauren nan, in ka ga baburin sai ka yi masa sallama.

Ranar biki tun da sanyin safiya na turo shi filin makaranta, ban ko tayar da shi ba don kada ya yi ƙura. Na sa farar riga da farin wando, na fesa turare. Hedimasta ya zagaya na malamin asibiti ya wuce. Ya zagaya na Manu, ya tsaya, ya nuna wani ɗan ƙarci a gefe. Ya zo kan nawa ya zagaya, ya sake zagayawa, ya gyara tabarau.

"Wannan shi ne babur," ya ce. "A rubuta Malam."

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, kuma ba zaɓen da aka yi mini ne ya fi yi mini daɗi ba, fuskar Manu ce. Ya matso yana shinshina.

"Taubashi, wane irin mai kaka sa mai? Ƙamshi shikai kamar masa da zuma."

"Ƙamshin nasara ne, ba ka saba ji ba."

Aka ce in hau in tsaya a gaban jeri har a gama jawabi. Na hau, na rungumi tanki da cinyoyina, na ɗaga ƙirji. Yara sun jeru a bayana, 'yan mata suna gefe ƙarƙashin durumi, Kulu a cikinsu da sabon ɗankwali kore. Manya na inuwar rumfa. Ni kaɗai ne a tsakiyar rana, ni da baburina, kuma ranar ƙarshen damina ka san ba ta wasa.

Hedimasta ya fara jawabi. Ya ɗauko tarihi tun daga zuwan Turawa. Bai kai rabi ba na ji wani ɗumi yana bin cinyata ta dama. Na saci kallo. Saman tankin ya yi laushi ya fara kumbura kamar ƙosai a mai, wani baƙin ruwa mai kauri yana gangarowa a hankali, yana shiga farin wandona. Na matse ƙafafu don in rufe. Matsewar ta ƙara tatso shi.

Sai ga ƙudan zuma guda ya sauka a kan madubi. Na hura masa iska ya tashi, ya tafi. Ashe kiran 'yan'uwa ya je yi. Kafin wakilin hakimi ya gama nasa jawabin, sun yi mini rawani. Na daure, na ƙame kamar gunki, ina tuna cewa jarumin littafi ba ya motsi ko da wuta na cin rigarsa. (Marubutan nan ba su taɓa zama a kan zuma ba.)

Aka buga ganga. Hedimasta ya taho da tuta a hannu biyu, ya miƙa mini, ya ɗan ja da baya yana kore fuska. Na karɓa, na taka kik don in tayar da inji. Baburin ya yi ruri, ya girgiza, dunƙulen kakin nan ya sulɓe gaba ɗaya ya faɗo mini a gaba, tsakanin ƙafafu, ramin raƙumi ya bayyana a fili kowa na gani. Girgizar kuma ta ɓata wa baƙina rai. Na farko ya harbe ni a fatar ido, na biyu a leɓe, sauran suka bi zumar inda ta taru.

Abin da na yi daga nan ba ni na gani ba, labari aka ba ni, kuma har yau ba a gaji da ba ni ba. Wai na saki babur ya faɗi, na kama kaɗa sabuwar tutar ƙasa hagu da dama kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Wai yaran ajina suka ɗauka alamar tafiya ce, suka biyo ni da waƙa. Wai na jefar da tutar, Manu ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ni kuwa na ratsa ta tsakiyar 'yan mata, hannu biyu a gaban wando, na faɗa kududdufin bayan makaranta inda ake yin tubali. Abin da na tuna da kaina shi ne lokacin da na ɗago kai daga ruwan, da ido ɗaya, na hango Manu a kan baburinsa mai ƙarci, tuta na kaɗawa, gari duka na tafa masa.

Baba Arzika ne ya kunna busasshen kashin shanu ya kore sauran da hayaƙi. Ya zo bakin kududdufin ya tsuguna.

"Sannu Malam. In ka gama da amyar, ina so. Ta hi nawa kama zuma."

Manu kuwa da ya dawo sai ya tsaya a kaina ya ce, "Taubashi, mu babur munka sayo Dahome. Kai wa yac cuce ka?" Taubashi ne, ba damar fushi. Na koma cikin ruwa.

Kumburi ya sace cikin mako, kunya ta ƙi sacewa. Yara suka sa mini Malam Amya. Na daina bi ta rumfar masu zuma, na daina zuwa Lafagu zance, ina jiran in sami kalmomin da suka dace, irin na littafi. Ina cikin nemansu aka kawo mana goron Manu da Kulu. Ni aka sa abokin ango, don gwaggo ta ce ba wanda ya fi ni kusa. A baburina aka ɗauko wasu kayan amarya, ramin yana nan, wata tsohuwa har ta ajiye ƙullin daddawarta a ciki ta ce wurin ya yi daidai.

Baburin ya daɗe a zaure. Bayan shekaru masu yawa wasu masu tara tsofaffin babura suka zo daga Kwatano suka ɗauke shi. Na ce su bari in sa a buge loɓawar tukuna, babbansu ya riƙe mini hannu ya ce kada in kuskura, ai ita ce tarihinsa, da ita za su yi masa rajista. Na ce Allah mai iko.

Manu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, har ya tafi bai bar tsokanata ba. Kulu yanzu Hajiya ce, tana da babbar rumfar zuma a kasuwar Dole Kaina, jikoki na yi mata awo. Bara na bi ta wurin. Ta gane ni tun daga nesa, ta ɗauko kwalba.

"Malam, ta sha ko ta gyara?"

Muka yi dariya har da hawaye. Da na ga tsufa ya ba ni dama, sai na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: ranar nan a kasuwa, me ta gani a baburin Manu har take masa murmushi?

Da ta tuno, sai ta tafa hannu.

"Wai wannan? Ɗankwalina nika gyarawa, tankin na nuna huska. Ni lokacin mai keke nika jira, shi kuwa ya tahi sayen amya bai dawo ba."

Na biya kuɗin zumar, ta ƙi karɓa. A mota ina tafe ina gaya wa kaina abin da ya kamata in sani tun ina da baƙin gashi: kafin ka yi kishin abin da mace ke kallo, matsa kusa ka ga ko kanta take gani. In kuwa dole sai ka cike rami, to ka dafa kakin.