Ƙwarangwal a Ɗakin Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, wadda na tashi daga Parakou da kwali zuwa gidanmu na Djougou, ina ganin ni ne zan raba gardamar da ta gagari manya.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Shekaruna arba'in da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya uku, sana'ata gyaran firji, kuma ina wasa da bulon roba. Eh, ƙananan bulullukan nan masu launi-launi da ake harhaɗawa a gina mota ko gida, waɗanda ake saya wa yara. Wata rana na shiga kasuwar Arzèkè neman takalmi wajen 'yan gwanjo, na ga leda cike da su, na saya da sunan yarana. Yaran suka yi kwana biyu suka gaji. Ni har yau ban gaji ba. Yanzu masu gwanjo in sun kwance sabuwar dila ni suke fara kira, kuma muna da guruf a waya, manya zalla, wasu a Cotonou wasu a Yamai, kowa na nuna abin da ya gina. (Akwai likita a cikinmu. Nakan faɗi haka duk lokacin da matata ta kalle ni ta girgiza kai.)

A Djougou babu wanda ya sani. Can ni mutumin kirki ne mai sana'a.

Gidan namu kakanmu ne ya gina shi tun zamanin fataucin goro. Damina ta kayar da katangar gaba, sai magana ta taso. Yaya Nasiru, ɗan wan mahaifina, ya ce a rushe zauren gaba ɗaya a jera butik shida, wato shaguna, a ba haya. Ni kuma na ce a bar zauren, a yi butik biyu ta gefen titi. Mai yanke hukunci shi ne Baba Alhaji, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage cikin iyayenmu maza. Ya haura tamanin, kuma a lokacin bai cika wata guda da dawowa daga asibiti ba. Na taɓa kai masa zanen a takarda, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya miƙo mini.

"Wannan sai ku 'yan lakwal, masu karatun boko. Ni ban ga gida a nan ba."

Daga nan dabara ta zo mini. Na ce tunda bai ga gida a takarda ba, zan gina masa gidan ya gani. Sati uku na yi ina aikin. Zaure, tsakar gida, rijiya, ɗakin kowa a mazauninsa, har bishiyar mangwaron da ke bayan madafa. Rufin kowane ɗaki na yi shi yadda ake ɗagawa a ga ciki. Ban taɓa gina abin da ya kai shi kyau ba.

Ranar Alhamis da la'asar na ce bari in ɗauki hoto in tura wa 'yan guruf. Gida ba mutane ba ya kyau a hoto, don haka na zazzage gwangwanin da nake tara 'yan mutanen roba. Wanda ke saya a gwanjo ba ya zaɓe, abin da ya zo shi ne naka. Na sa wannan nan, na sa wancan can, ina dariya ni kaɗai. Na ɗauki hotuna na tura, na mayar da rufin ɗakunan. Sai aka kira ni wai firjin wata mai sayar da kifi ya tsaya. Kafin in dawo matata ta taimake ni ta saka ginin a kwali, ta cusa tsummoki ta gefe, ta naɗe shi da salatif kamar za a kai shi Makka. Na yi mata godiya sosai.

Da safe na shiga taksi. Direba ya sa kwalin a but a kan buhunan mutane, ya ɗaure murfin da igiya. Muna tafiya ina ta maimaita jawabin da zan yi. Mun kusa Partago saƙo ya shigo wayata daga wani abokina na guruf: "Gida ya yi kyau. Amma wane ne ƙwarangwal ɗin nan da ke kwance a gado?"

Na karanta sau uku. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Ga shi nan fari fat, haƙarƙari a waje, kwance a kan gado a ɗakin da ke dama da zaure. Ɗakin Baba Alhaji.

Na rantse ban yi da wata manufa ba. Shi kaɗai ne ya yi daidai da ɗan gadon da na haɗa, sauran duk suna da hula ko takobi da ke tokarewa. Amma wa zan yi wa wannan bayani? Tsoho bai gama warkewa ba, ana maganar gidan gado, ga ɗan ɗan'uwansa ya zo da siffar gidan da ƙasusuwa a gadonsa. Kuma ban tuna na cire ko ɗaya ba. Na kira matata.

"Da kika rufe kwalin nan, kin cire 'yan mutanen da ke ciki?"

"Waɗanne mutane? Yadda ka bar shi haka na saka."

Na ce wa direba ya ɗan tsaya in duba kayana. Ya kalle ni ta madubi ya ce in ya kwance igiyar nan sai kayan mutum tara sun sauko, in yi haƙuri saura kaɗan. Na lallashi kaina cewa a tasha zan samu gefe in buɗe.

Muna shiga tasha na hango Yaya Nasiru jingine da motarsa. Mutumin da bai taɓa zuwa tarbata ba tunda aka haife ni, ranar ya zo, wai Baba ne ya aiko shi. Ya karɓi kwalin da hannunsa.

"Mene ne a ciki haka ba nauyi?"

"Maket ce, 'yar siffar gidan da na gina. Yaya, bari in buɗe in ga ko wani abu ya karye."

"A cikin wannan jama'a? Bari mu isa gida."

A gida Gwaggo Hajara, ƙanwar su Baba, ta tarbe mu. Na ce a kai kwalin ɗakina. Ta ce ɗakin nawa an shanya albasa, a ajiye a falon Baba inda za a zauna. Aka ajiye shi a kan tebur, daidai gaban kujerar da Baba ke zaune yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, idona na kan kwalin. Ya rame ƙwarai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na gwada duk abin da zan iya. Na ce zafi zai lalata kayan, a kai inuwa, Baba ya ce ai falon inuwa ne. Na jira ya shiga alwala, sai Gwaggo ta shigo ta zauna tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu tun zuwana na ƙarshe. Aka tafi masallaci, aka kulle falon, Baba ya jefa makullin a aljihu. Allah ya yafe mini, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Da aka dawo aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani, abincin da nake mafarkinsa a Parakou, na kasa haɗiye loma uku. Gwaggo ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Bayan an ɗauke kwanuka aka taru, mu wajen goma sha biyar. Na yanke salatif, na fito da gidan. Kowa ya matso.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Ga rijiyarmu. Har da mangwaro."

Baba ya gyara tabarau ya sunkuyo. Ya bi katangar da yatsa, ya tsaya a zaure, ya gyaɗa kai. A karon farko ya ga abin da nake nufi. Na fara jawabi da sauri, na dafe rufin ɗakinsa da tafin hannu kamar mai jingina, ina nuna butik da ɗaya hannun. Dabarata in gama bayani daga waje, in mayar da abina kwali.

Yaya Nasiru ne ya lura. "Wannan rufin kamar yana buɗewa."

"Ba sosai ba," na ce. (Har yau ban san ma'anar wannan amsa ba.)

"Ɗauke hannunka in ga ɗakina," in ji Baba.

Na ɗauke. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga rufin.

Gwaggo ta yi salati ƙasa-ƙasa ta ja mayafi ta rufe baki. Baba ya ɗauko ƙwarangwal ɗin ya ɗora a tafin hannunsa, ya kai shi kusa da tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ni ne?"

"A'a Baba, wallahi, gadon ne ya yi gajere, shi kaɗai ne…"

"To ko binne ni ba za ku yi ba? Haka za ku bar ni a gado har in bushe?"

Babu wanda ya yi dariya, don babu wanda ya san ko wasa yake. Yaya Nasiru ya gyara zama ya ce, cikin muryar mai tausayi, shi dai ba zai ce komai ba, amma kowa ya ga abin da ke zuciyar wasu. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Baba ya ce, "Buɗe sauran."

Nan ne na tuna cewa ƙwarangwal ɗin shi ne mai sauƙi, domin shi kuskure ne. Sauran da gangan na yi.

A ɗakin Yaya Nasiru akwai ɗan fashin teku, ido ɗaya a rufe, ƙugiya a maimakon hannu, yana rungume da akwatin zinariya. A ƙofar madafa, inda Gwaggo ke zama kullum, akwai ɗan sanda riƙe da lasifika. Wata ƙanwarmu ta fara tari don ta ɓoye dariya. Gwaggo ta ce, "Ni ce mai lasifika?" Saura ɗaki ɗaya, na ƙurya, nawa. Na ce wannan ba komai a ciki. Yaya Nasiru ya miƙa hannu ya ɗage rufin da kansa.

Sarki ne zaune a kujera, da kambin zinariya da jar alkyabba, har na sa masa mai gadi a ƙofa.

Baba ne ya fara. Dariya ta kama shi har tari ya sarƙe shi, aka ruga kawo ruwa. Daga nan falon ya ɓarke. Gwaggo tana share hawaye tana cewa, "Ranka ya daɗe, a gafarce mu, mun shanya albasa a fada." Yaya Nasiru kaɗai bai yi dariya ba, yana ta juya ɗan fashin a hannu. Ni kuwa ina durƙushe a gaban tebur, mai 'ya'ya uku, ina bayanin cewa a gwanjo ba a zaɓe.

Da aka watse don sallar la'asar Baba ya ce in tsaya. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Zan tambaye ka, ka gaya mini gaskiya. Kana son gidan nan ne, ko kana jiran sa?"

Wannan tambaya ta fi duk abin da ya faru zafi. Na ce masa a zauren nan mahaifina ya koya mini karatu, ba na son in zo wata rana in tarar ana sayar da taya a wurin. Na faɗa masa gaskiyar bulon roba, tun daga ledar farko. Ya saurara har na gama.

"Na yarda da kai," ya ce. "Mai jiran mutuwata ba zai yi wautar kawo mini ita a kwali ba. Amma ka je ka ba yayanka haƙuri. Shi ka zaga da gaske."

Na je. Sai da na yi zuwa biyu Djougou kafin Yaya Nasiru ya sake amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. A ƙarshe an bar zauren, an yi butik uku, ba biyuna ba, ba shidansa ba. A kan ginin robar aka tsayar da shawarar, magini ma da shi ya yi aiki. Ni kuma tun daga ranar ba a sake kirana da sunana a gidan ba. Ko a waya Gwaggo ta kira, da "Ranka ya daɗe" take farawa, jikokin gidan kuma sun ɗauka sarautar gaske ce.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ban daina ginin ba, ba kuma zan daina ba. Amma na gane cewa abin da mutum yake raya wa game da danginsa, in ya zama dole ya raya, to ya bar shi a cikin kansa, inda babu mai iya ɗaga rufi ya leƙa.