Kwana Ukun Tabawa a Bakin Kogi

A shekarar da tafkunan Dajin Gangare suka ƙafe da wuri, har kwaɗi suka daina kuka, hankalin kowa ya koma kan Kogin Baƙin Ruwa. Kogin kuwa ba namu ba ne. Na Sarki Kada ne da zuriyarsa, kuma duk rani sai da yardarsa muke tsoma baki.

Mai nemo mana wannan yarda ita ce jakadiyar daji, wata tsohuwar hawainiya da ake kira Tabawa. Shekara talatin tana wannan aiki. Kwana tara take yi a hanyar da barewa ke cinyewa kafin hantsi. In ta isa sai ta hau kututture ta buɗe gaisuwa. Ta tambayi lafiyar Kada, ta bi matansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi ƙwan da ke cikin yashi, ta yi wa kakanninsa addu'a. Kwana uku cur ba za ta ambaci ruwa ba. Ta san abin da mu ba mu taɓa damuwa mu sani ba: a al'adar kadoji, wanda aka roƙa ruwa dole ya hana, don kar a ce an yi masa umarni a gidansa. Ran na huɗu Kada zai yi hamma ya ce, "Af, Tabawa, mutanenki ba sa jin ƙishi ne? Su zo su sha mana."

Aibin Tabawa ɗaya ne, ba ta iya tallan kanta ba. In ta dawo fada sai ta ce, "Ranka ya daɗe, na gaishe shi, yana amsawa." Shi ke nan. Mu kuwa mutanen Gangare, Allah ya yi mu ba ma ganin aikin da ba a yi masa kiɗa ba.

Da Sarki Zaki ya kira majalisa kan ƙishin bana, Waziri Kura ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, jama'ar Gangare masu albarka! Shekara talatin muna tura jakadiya, me ta taɓa kawo mana? Ko yaƙi ɗaya ba ta taɓa ci ba! Wannan gwamnati ta aiki ce, ba ta ina-kwana ba. Ruwa haƙƙinmu ne, kuma in sha Allahu kafin jibi kowane jaki zai yi wanka."

Jakuna suka yi tafi da kofato. Tabawa ta ɗaga hannu, amma kafin hannun ya gama tashi an riga an naɗa Gadanga Mugun Dawa sabon jakada, saboda shi ba ya ɓoye-ɓoye.

Da safe Gadanga ya isa kogi a guje. Ko sallama bai yi ba ya ce, "Kai Kada! Gwamnatin Gangare na buƙatar ruwa daga yau." Kada ya dube shi da ido ɗaya, ya nutse. Gadanga ya dawo kafin azahar yana huci.

"Bai iya cewa uffan ba! Tsoro ya sa ya ɓuya!"

Aka yi ta kiɗa har yamma. Washegari wata barewa mai goyo ta riga kowa zuwa mashaya. Ba ta dawo ba. Bayan ta aka rasa jakuna biyu, sannan kowa ya gane an rufe kogi.

Majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙishi bai jira rahotonsu ba. Da harsuna suka fara tsagewa, sai ga Waziri da kansa ya bi ta bayan gari zuwa gindin ramar Tabawa.

"Iya, ki taimaka. Amma don Allah kar kowa ya ji ni na aiko ki."

Ta tafi. Wannan karon kwana bakwai ta yi a kan kututturen, rana na gasa ta, Kada bai ko ɗago ba. Ta kira sunayen matansa, ta koma ta sake. Ta nemi gafarar rashin ladabin da ba ita ta yi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da ta kai ga gaida babban ɗansa, wanda ta tabbata shi ya ja barewar, ta ce masa, "Barka da hutawa, yaya iyali?" Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji ta tsani bakinta. Amma ta tuna masu goyon da suka rage, ta ci gaba da gaisuwa. Ran na takwas Kada ya ce su zo su sha.

Wani balbela ya kai labari daji a ranar. Kafin Tabawa ta ja ƙafa ta dawo, kowa ya sha ya yi wanka, an kuma shirya gagarumin biki. Ta iske Gadanga a kan dandamali ana rataya masa lambar yabo, Waziri na jawabi.

"Kun dai gani da idonku! Tsayuwar daka da muka yi ita ta karya Kada. Saboda haka daga yau an soke muƙamin jakada, tun da ba mu da sauran matsala da kowa."

Muka yi tafi, har da mai ba ku labarin nan, ruwan kogin na ɗiga daga gemunsa.

Tabawa ta lallaba ta hau gefen dandamali. Ta san ƙafafunta ba za su ƙara kai ta kogi ba, kuma a duk dajin babu wanda ya san sunan ko da matar Kada ɗaya. Ta jira makaɗa suka tsaya shan iska, ta ce, "Ranka ya daɗe, baɗi fa wa zai je?"

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya dubi Gadanga. Gadanga ya sunkuya yana goge lambarsa.

Sai aka ce wa makaɗa su ci gaba.