Furen Malam Hashimu

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Funtuwa, Malam Hashimu, wanda tun da aka tura shi taron bita na mako biyu ya dawo da ciwon son furanni. Ya zo da wani ɗan reshe a leda, ya dasa a tsakar gida, ya kewaye shi da bulo, har da ɗan allo mai ɗauke da wani dogon suna na Latin. Wai ingantaccen iri ne, masana sun daɗe suna aiki a kansa, kuma in ya yi fure sai ka rantse auduga aka zuba masa. Shekara biyu bawan Allah yana ban ruwa safe da yamma. Kaza ba ta isa ta gifta ta wurin ba, akuyar gidan kuwa tuni ya sa aka sayar da ita. Da itacen ya kai kafaɗa ya fara fitar da ƙananan kawuna, Malam Hashimu ya bi abokan aikinsa ofis-ofis, har da shugabansu, yana gayyata: ranar Asabar da safe kowa ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Su kuwa da ma sun daɗe suna yi masa dariya a bayan ido, shi ya sa ya ɗauki ranar nan da zafi.

Ana cikin haka 'yarsa Rakiya ta zo wankan gida, haihuwar fari. Aka ɗauko Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa, daga ƙauye don ta kula da mai jego. Ranar Juma'a ta iso, Malam yana ofis. Tana shiga gidan ta yi arba da itacen, ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe gidan nan akwai masu hankali." Ta ajiye ƙunshinta ta nemi kwando.

Sai bayan Magariba Malam ya dawo cikin duhu, aka kawo masa tuwon shinkafa da wata miya mai ɗan ɗaci-ɗaci, ta sha wake da man ja. Ya ci malmala biyu, ya aika a ƙaro ta uku, ya suɗe kwano, yana ta sa wa Gwaggo albarka. Da gari ya waye ya fito da butar ban ruwa, sai ya tarar da sanduna tsirara, ba ganye ba kan fure, allon Latin ne kawai ya tsira. Butar ta suɓuce daga hannunsa.

"Gwaggo! Wa ya yi mini wannan aika-aika?"

Tana zaune tana hura wutar ruwan wanka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shuwakar? Ni ce. Mai jego a gida, ga shuwaka har ta tsufa a tsaye, sai in zuba mata ido?"

"Ba shuwaka ba ce, Gwaggo! Ingantaccen iri ne! Ga sunanta nan a rubuce!"

"Oho. Ni dai ban iya karatu ba, amma tun daga zaure na gane ta. Kai da ka iya, shekara biyu kana yi mata hidima, jiya ka haɗu da ita a kwano ko gaisawa ba ku yi ba."

Malam Hashimu ya dafe kai, kamar ya yi kuka. A daidai lokacin aka ji ƙarar motoci a ƙofar gida, sai ga sallamar shugaban ofis.

"Shi ke nan, kin kashe ni! Ga baƙi sun iso. Yanzu me zan nuna musu?"

Gwaggo ta tura itace cikin murhu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗaga rigarka ka nuna musu tumbinka. Ai rabinta yana ciki."